Daga Gwaram Zuwa Garin Truman

Mu mutanen kudancin Jigawa da kunne muka fara sanin Amurka. A Gwaram, a Sara, a Basirka, haka nan a Birnin Kudu, da wuya ka ratsa majalisa bayan sallar asuba ko bayan isha'i ba ka ji ƙaramar rediyo tana magana a tsakiyar tabarma ba. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, na Muryar Amurka ya biyo baya a 1979, kuma tun daga nan sai ka tarar da manomin da bai taɓa wuce Wudil ba yana fayyace maka bambancin jam'iyyar Dimokurat da ta Rifablikan kamar a gidansu aka raɗa musu suna. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tarihi a makarantun sakandare, akwai zango ɗaya na tarihin ƙasar da ya fi tsaya mini a rai, wato daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu a 1945 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Dalili kuwa, a wannan zangon ne mu ma muke koyon siyasar jam'iyyu. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wata shida kacal bayan wani sanata mai suna Joseph McCarthy ya tayar da ƙurar da ta turnuƙe Amurka shekara huɗu. Su suna fama da nasu, mu muna fama da namu, a lokaci guda.

Saboda haka da ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar Maryland ya aiko mini da goron gayyata zuwa bikin kammala karatunsa, sai na gindaya masa sharaɗi. Na ce ba kantuna zan je kallo ba, ya shirya ya kai ni wuraren da aka yi abubuwan da na daɗe ina rubutawa a allo. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai dai ko a Amurka ma sai ka buɗe aji." Haka kuwa aka yi.

Filin jirgin da muka sauka ma darasi ne. Sunan John Foster Dulles aka sa masa, sakataren harkokin wajen Shugaba Eisenhower, kuma a 1962 aka buɗe shi. Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin faɗin tituna da tsabtar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, wasu sun riga ni faɗa, kuma gaskiya suka faɗa.

Ginin majalisar dokokinsu muka fara zuwa, mai farar ƙubbar nan da ake nunawa a talabijin. Baƙo daga wata ƙasa, da fasfonsa kawai, yana iya karɓar takardar shiga ya hau benen 'yan kallo ya zauna yana duban 'yan majalisa daga sama. Na zauna a na Majalisar Wakilai, na ƙura wa mumbarin ido, domin a nan ne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya ranar 26 ga Yuli 1961 ya yi jawabi, lokacin da Shugaba Kennedy ya gayyace shi. Mutumin ƙasar Bauchi, maƙwabcinmu na kusa, malamin makaranta kamar ni, da babbar riga da hula, da Turancin nan nasa mai sanyi. Shekara biyar ba ta cika ba aka kashe shi. Na daɗe shiru a wurin.

Da na ɗaga kai sai na lura da inda aka ajiye 'yan jarida. Kujerunsu suna saman kujerar shugaban majalisa, daidai bisa kansa, suna fuskantar sauran 'yan majalisa. Duk wanda ya miƙe zai yi magana, idanun masu rubutawa yake kallo. Ban da wannan, duk kalmar da aka furta a zauren ana buga ta a wata mujallar majalisa da ake fitarwa tun 1873, kowa na iya karantawa. Wanda ya yi alkawarin rijiya a zauren nan shekara saba'in da suka wuce, jikansa zai iya zuwa ya ga ranar da shafin.

Daga nan muka tsallaka titi zuwa ginin ofisoshin sanatoci da ake kira Russell. A hawa na uku akwai wani babban ɗaki mai ginshiƙan marmara, muka yi sa'a ƙofarsa a buɗe, ma'aikata suna jera kujeru. Ɗakin bai kai girman da na zata ba. A cikinsa Kennedy ya bayyana takararsa a Janairu 1960, a cikinsa aka yi zaman binciken badaƙalar Watergate a 1973, amma abin da ya kawo ni shi ne zaman 1954.

Ga yadda abin ya faro. Ranar 9 ga Fabrairu 1950, McCarthy, sanata daga Wisconsin, ya tsaya a garin Wheeling ya ɗaga wata takarda ya ce sunayen 'yan gurguzu 205 ne da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Bai taɓa tabbatar da zargin ba. Amma lokacin tsoro ne: Rasha ta gwada bam ɗin nukiliya a 1949, 'yan gurguzu sun karɓe China a shekarar, yaƙin Koriya na tafe. Mutumin da tsoro ya cika wa ciki ba ya tambayar hujja. Malamai, ma'aikatan gwamnati, marubuta, 'yan fim, da yawa suka rasa abincinsu saboda an ambaci sunansu. Ko Muryar Amurka ba ta tsira ba, ya sa ta gaba a 1953. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin yadda kalmar "ɗan NEPU" kaɗai kan isa a raba mutum da gonarsa ko a iza ƙeyarsa gaban alƙali, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Kuma a faɗi gaskiya, jaridun Amurka da hannunsu a ciki. Shekara huɗu suna ɗaukar duk abin da ya faɗa suna kafawa a shafin farko, wai su aikinsu kawo abin da sanata ya ce, ba tantance shi ba. Da wannan ya yi ƙiba. Cikin waɗanda suka fara tsaya masa akwai mace, Margaret Chase Smith ta jihar Maine, ita kaɗai ce mace a Majalisar Dattawa a lokacin, kuma jam'iyyarsu ɗaya da shi. Ranar 1 ga Yuni 1950 ta miƙe ta yi tir da siyasar ƙazafi, sanatoci shida kacal suka sa hannu tare da ita. Maza da yawa suka sunkuyar da kai.

Sai ranar 9 ga Maris 1954 wani ɗan jaridar CBS, Edward R. Murrow, ya yi abin da har yau ake koyarwa a makarantun aikin jarida. Bai zagi McCarthy ba. Ya tattaro hotunan jawaban sanatan na shekaru, ya jera su a talabijin na rabin sa'a, mutane suka ga da idonsu yadda yake faɗin magana yau ya warware ta gobe, da yadda yake wulaƙanta shaidu. Kamfanin bai yarda ya biya kuɗin tallar shirin a jarida ba, Murrow da abokin aikinsa Fred Friendly suka biya daga aljihunsu. Sannan ya ba sanatan fili daidai da nasa ya zo ya kare kansa, ya kuwa zo bayan wata guda, ya ƙara tona wa kansa asiri. Daga Afrilu zuwa Yuni na shekarar, a ɗakin nan da nake tsaye, aka yi kwana 36 ana nuna rigimarsa da rundunar soja kai tsaye a talabijin. Ranar 9 ga Yuni ya taso wani matashin lauya da ba ya ma wurin, sai lauyan soja, wani dattijo Joseph Welch, ya dube shi ya tambaye shi ko ɗan guntun mutunci bai rage masa ba. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ranar 2 ga Disamba 1954 Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da shi da ƙuri'a 67 a kan 22. Ba a ɗaure shi ba, ba a kore shi ba. 'Yan jarida ne kawai suka daina bin sa, ya mutu a 1957 ba mai sauraronsa.

Abin da Murrow ya yi ba zai yiwu ba sai da ajiya. Da ba a adana faifan jiya ba, da me za a kama maƙaryacin yau? Wannan tunanin ne ya bi ni duk sauran tafiyar.

A ɗakin karatu na majalisa, wanda ke cikin mafi girma a duniya, na miƙa fasfona aka ɗauki hotona aka ba ni katin mai karatu, ko sisi ban biya ba, ba a kuma tambaye ni wa ya aiko ni ba. Na shiga sashen jaridu na nemi na ƙarshen Yuli 1961, na zauna gaban na'ura ina juya shafuka, ina karanta zuwan Firayim Ministanmu kamar jiya aka buga. Ma'aikaciyar wurin, wata dattijuwa, ta ga ina fama da maɓallan, ta taso ta nuna mini ba tare da ta nuna gajiya ba. A nan na tuna da I. F. Stone, ɗan jaridar da ya fi kowa cin moriyar irin wannan ajiya. Zamanin McCarthy manyan jaridu sun guje shi, sai ya kafa tasa 'yar jarida mai shafi huɗu a 1953, shi ne edita, shi ne wakili, matarsa ce mai kula da masu saye. Kunnensa ba ya ji sosai, don haka maimakon zaman taron manema labarai sai ya duƙufa karanta takardun da gwamnati da kanta ta buga, waɗanda ba mai haƙurin karantawa. A ciki yake tsinto inda maganar ma'aikatar tsaro ta yi karo da ta fadar shugaban ƙasa. A 1964, lokacin da kusan kowa ya haɗiye labarin harin da aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka a gaɓar Vietnam, yana cikin 'yan ƙalilan da suka ce a dakata. Da ya rufe jaridar a 1971 masu sayenta sun kai wajen dubu saba'in.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake ba shi labari. A shekarun nan da nake yabo, baƙar fata a kudancin Amurka ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da farar fata, kuma yawancinsu ba a barin su su yi zaɓe. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da ke Washington ba ta karɓi baƙar fata ba sai 1955, mata kuwa sai 1971. Alice Dunnigan, jikar bayi daga Kentucky, ita ce baƙar mace ta farko da aka ba izinin ɗauko labari a majalisa, a 1947. Da za ta bi jirgin ƙasan Truman a 1948, da kuɗinta ta biya. Zamanin Eisenhower ta riƙa tambaya kan wariyar launin fata har shugaban ya daina nuna ta, ta yi shekaru tana miƙewa ana tsallake ta. Ranar 25 ga Janairu 1961, a taron manema labarai na farko da aka nuna kai tsaye a talabijin, Kennedy ya nuna ta, ta kuwa tambaye shi game da baƙaƙen manoman Tennessee da aka kora daga gonaki saboda sun yi rajistar zaɓe.

Wurin da ya fi girgiza ni shi ne gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016, 'yan taku kaɗan daga fadar shugaban ƙasa. A can ƙasa akwai wani ɗaki da ake shiga a layi, an hana ɗaukar hoto. Akwatin gawar Emmett Till ne a ciki, yaro ɗan shekara 14 daga Chicago da wasu fararen fata suka kashe a Mississippi a Agusta 1955 bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin a buɗe duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Mujallar Jet ta baƙaƙen fata ta buga hoton fuskar. Kotu ta sallami makasan, amma hoton ya riga ya shiga gidaje, kuma wata uku bayan haka Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery. A layin da na bi akwai fararen yara 'yan makaranta da malaminsu. Ƙasa ta ɗauki abin kunyarta mafi muni ta ajiye a tsakiyar babban birninta, da kuɗin gwamnati, tana kawo 'ya'yanta su gani. Na fito ban iya magana ba. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, mu je ka sha ruwa." Na ce masa, "Bari dai, ɗana, a zauna tukuna."

Amma ƙarshen tafiyata ba Washington ba ne. Na matsa sai an kai ni Independence, wani ƙaramin gari a jihar Missouri, garin Harry Truman. Muka hau jirgin sama zuwa St. Louis, daga nan jirgin ƙasa ya bi da mu gefen kogin Missouri, gonakin masara da waken soya iya ganinka, ba ka ganin mutum ko ɗaya a ciki sai injuna. Ɗan Gwaram ba zai ga wannan bai yi tsaki ba, in ya tuna yadda muke duƙe da fartanya.

Truman ya dace da mu. Manomi ne, ya yi shekaru goma sha yana bin garma a gonar gidansu. Ya buɗe kantin tufafi ya karye a 1922. Shi ne shugaban Amurka na ƙarshe da ba shi da digiri. Mulki ya faɗo masa ne ranar 12 ga Afrilu 1945 da Roosevelt ya rasu, kuma wata huɗu bayan haka shi ya ba da izinin jefa bam a Hiroshima da Nagasaki. Wannan nauyi ne da ba zan sauke masa ba, gidan tarihinsa ma bai sauke masa ba: an baje hujjojin masu goyon baya da na masu suka, an bar baƙo ya yanke hukunci.

A cikin gidan na ga jaridar da na fi shekara ashirin ina ba ɗalibai labarinta. Zaɓen 2 ga Nuwamba 1948, masu ƙuri'ar jin ra'ayi da manyan jaridu duk sun gama binne Truman, sun naɗa Thomas Dewey gwamnan New York. Jam'iyyarsa ta rabe uku, 'yan kudu sun fice saboda matsayinsa kan 'yancin baƙar fata, ga shi kuma ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja a watan Yuli. Shi kuwa ya hau jirgin ƙasa ya yi tafiyar kusan mil dubu talatin, yana tsayawa ƙananan tashoshi yana yi wa manoma magana daga bayan tarago. Daren zaɓe, jaridar Chicago Daily Tribune, wadda ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, tana fama da yajin aikin ma'aikatan maɗaba'a, dole ta buga da wuri. Sai ta yi riga malam masallaci, ta kafa babban kai cewa Dewey ya kayar da Truman. Gari ya waye Truman na da ƙuri'un wakilai 303, Dewey 189. Kwana biyu bayan zaɓe, a tashar jirgin St. Louis, aka miƙa masa jaridar, ya ɗaga ta sama yana washe baki, masu hoto suka ɗauka. Iyakar hukuncin da jaridar ta sha ke nan. Ba a rufe ta ba, ba a kira edita ofishin 'yan sanda ba. An bar ta da kunyarta, kuma kunyar ta fi kowane ɗauri daɗewa, ga shi har Bagwarame ya zo ya gani.

Ba wai mutumin mai sanyin hali ba ne. A Disamba 1950 wani mai sharhin kiɗa a Washington Post, Paul Hume, ya rubuta cewa 'yar shugaban, Margaret, ba ta iya waƙa ba. Truman ya ɗauki alƙalami da hannunsa ya rubuta masa wasiƙar zagi, har da alkawarin fasa masa hanci in sun haɗu. Wasiƙar ta fita a jarida, ƙasa ta yi ta dariya, Hume ya ci gaba da aikinsa shekaru da dama. Uba ya yi fushin uba, amma bai aika ɗan sanda ba. Na tuna da Dokar Soja ta 4 ta 1984 da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita saboda labarin naɗin jakadu, na tuna da kisan Dele Giwa a 1986, na yi shiru.

Abubuwa biyu a gidan sun fi wannan nauyi ga ɗan Nijeriya. Na farko, korar Janar Douglas MacArthur ranar 11 ga Afrilu 1951. Janar ɗin gwarzon yaƙin duniya ne, ya fi shugaban farin jini nesa ba kusa ba, yana so ya faɗaɗa yaƙin Koriya zuwa China, yana sukar manufar gwamnati a fili. Tsohon mai kantin tufafi ya sauke shi. Jama'a suka fusata, aka tarbi janar da gagarumin jerin gwano a New York, ya yi jawabi a majalisa, sannan ya tuɓe kaki ya koma gida. Ko tankar yaƙi ɗaya ba ta fito ba. Na biyu, a Afrilu 1952 Truman ya ƙwace masana'antun ƙarafa na ƙasar don hana yajin aiki a tsakiyar yaƙi. Masu kamfanonin suka kai ƙara. Ranar 2 ga Yuni Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 a kan 3, ta ce ba shi da wannan iko. A ranar ya ba da umarnin a mayar musu da kayansu. Soja ya bi farar hula, farar hula ya bi alƙali, duk cikin wata goma sha huɗu, kuma takardun duka suna nan a ajiye, har da waɗanda ba su yi masa daɗi ba.

Da wa'adinsa ya ƙare a Janairu 1953, farin jininsa ya zube ƙasa warwas. Ya hau jirgin ƙasa da matarsa Bess suka koma gidan surukarsa da ke titin North Delaware, gidan katako fari, wanda na tsaya a ƙofarsa na ga bai fi gidan wani babban ɗan kasuwa a Dutse ba. Babu fanshon tsohon shugaba a lokacin, sai 1958 aka yi dokar. A bazarar 1953 ya tuƙa motarsa da kansa, shi da Bess, har Washington da New York, ba mai gadi, har wani ɗan sandan hanya ya tsayar da shi. Abin da ya sa gaba shi ne gina wannan gidan adana takardu, aka buɗe a Yuli 1957, ya miƙa wa gwamnati takardun mulkinsa. Yana da ofis a ciki, yakan fito ya amsa tambayoyin yara 'yan makaranta. A farfajiyar gidan aka binne shi a Disamba 1972.

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba, kokawa aka yi. Wani ɗan majalisa daga California, John Moss, ya fara bin diddigin yadda ma'aikatu ke ɓoye takardu a 1955, editocin jaridu suka mara masa baya, aka yi shekara goma sha ɗaya ana ja kafin Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai a Yuli 1966, ba da son ransa ba. Tamu irin wannan dokar sai Mayu 2011 aka sa mata hannu. Kuma abin da aka samu da kokawa yana iya suɓucewa. Bayan na dawo gida, a Maris 2025, gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, tashar da Murrow da kansa ya taɓa kula da ita lokacin da Kennedy ya ba shi hukumar yaɗa labarai a 1961, masu sauraro a majalisunmu suka murɗa rediyo suka ji wayam. Babban gidan tarihin aikin jarida na Washington ma an rufe shi tun ƙarshen 2019 saboda rashin kuɗi. Yabon da nake yi na mutanen wancan zamani ne da abin da suka bari, na yau kuwa su ma sai sun kare nasu.

To mu fa? Ba za a ce ba mu da komai ba. Akwai ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, akwai Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero ke riƙe da shi, akwai kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi da 'yan kayansa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya tun Janairu 1939, kuma editanta Abubakar Imam ya je Ingila da tawagar 'yan jarida a 1943 ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Amma sauko ƙasa, zo gundumominmu. Lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashin En'e ta Kano, su wa suka tsaya takara a zaɓen Disamba 1959? Wa aka ɗaure, a kan me, wane alƙali ya yanke? Matanmu da ba a ba su ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, wace ce ta fara hawa mumbari a ƙasar nan? Na taɓa neman tsofaffin takardun zaman wata majalisa a wani ofishi, aka buɗe mini wani ɗaki, na tarar gara da ɗigar ruwa sun riga ni. Mutanen da suka zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba su da takarda ba su da alƙalami, ga aikinsu nan har yau ana zuwa kallo, mu masu kwamfuta mun kasa riƙe na shekara sittin.

Ƙasar nan ta Birnin Kudu ta ba Jigawa gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu da Sule Lamido, ta ba da 'yan majalisa da kwamishinoni da ba su ƙirguwa. Ina roƙonsu, su da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, su fito da wasiƙu da hotuna da takardun da ke cikin akwatuna, masu daɗi da marasa daɗi, a samu ɗaki ɗaya mai rufin kirki a Birnin Kudu a ajiye. Jami'ar Tarayya ta Dutse da jami'ar jiha da ke Kafin Hausa su tura ɗalibai ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, gidajen rediyonmu na Dutse su ba da fili. Tsofaffin da suka ga zamanin NEPU da NPC da idonsu sun haura tamanin, kuma kowace damina raguwa suke yi. Wanda ke da irin wannan dattijo a gidansu, wayar da ke aljihunsa ta isa, ya zauna da shi a makon nan.